Tururi a Ɗakin Taiba

Taiba tana zaune dirshan a tsakiyar falo, ruwan bokiti ya jiƙa mata zani har cinya, lokacin da yayanta Ɗanlami ya yi sallama ya ɗaga labule.

So ta yi ta goge ɗakin kafin ya iso daga Bakura, don kada ya sami abin faɗa. Sai robar gindin sandarta ta zame a kan jiƙaƙƙen tayil, ita ta yi nan, sandar ta yi can ƙarƙashin kujera.

Ya ɗaga ta ya zaunar, ya ɗauko mata sandar. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke malala zuwa bakin ƙofa.

"Wanga shi ne auren, Taiba?"

Ta shiga matse bakin zaninta.

Wata tara ke nan da abin ya faru. Suna dawowa daga yawon Sallah a Bakura, ita da mijinta Misbahu a kan babur ɗinsa, wani bijimi ya faɗo musu titi daga cikin gonakin shinkafa. Misbahu ya tashi da ƙujewa a gwiwar hannu. Ita ƙashin ƙugunta ya karye, cikin wata huɗu da take ɗauke da shi ya zube tun kafin a kai ta asibiti. Wata biyu ta yi a kwance a Sakkwato, aka sa mata ƙarfe, aka sallamo ta da sanda da gargaɗin kada ta riƙa sunkuyo ko ɗaukar nauyi.

Sati uku da dawowarta gida Talata Mafara, Misbahu ya ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa Maradun. Malamin dabbobi ne. Tun daga nan sau ɗaya yake zuwa a wata, ranar Asabar, ya sauke kayan abinci, ya zauna a bakin kujera kamar baƙo, kafin la'asar ya miƙe ya ce hanya ba ta da kyau idan rana ta yi sanyi. A waya kuwa tambayarsa ɗaya ce, ko ta sha magani.

Mutumin da a da ba ya iya cin tuwo sai ta zauna kusa da shi.

Ɗanlami ya faɗi abin da ya kawo shi. Baba ya ce ya isa haka. Ranar Juma'a ta sama zai zo da mota ya kwashe ta da kayanta, manya kuma su nemi Misbahu ya ba da takarda. Macen da ba ta iya share ɗakinta ba a barinta ita kaɗai a gidan haya. Ya ƙara da cewa ya bincika, ba wanda ya tura Misbahu Maradun, shi da kansa ya rubuta ya nema.

Wannan maganar ce ta shige ta fiye da faɗuwar.

Da zai fita ya shuri wani dogon kwali da ke jingine a bayan ƙofa, ya tambayi ko mene ne. Ta ce saƙo ne, wani direba ya kawo daga Maradun kwana goma da suka wuce, ba ta buɗe ba.

"Kin gani ko? Kaya shika aiko miki, shi ba ya zuwa."

Bayan tafiyarsa ta yi kuka mai isarta, a hankali, don kada maƙwabta su ji.

Washegari da hantsi Anti Agnes ta leƙo. Ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar Zuru, ita ke haya a ɗaya sashen gidan, kuma ita kaɗai ce ke ɗaga labulen Taiba ba tare da wani dalili ba. Ta ga kumburin idonta, ta ga shatin ruwa a ƙasa, ba ta yi tambaya ba. Wuƙa kawai ta ɗauko a kicin ta farke kwalin.

Wani abu ne dogo kamar tabarya, fari da shuɗi, da faffaɗan kai mai tsumma a ƙasa, da 'yar tanki a tsakiya, da doguwar waya. Anti Agnes ta tafa hannu ta ce injin goge ɗaki ne mai tururi, ta taɓa ganin irinsa a gidan ƙanwarta a Kaduna. Ba bokiti, ba matsar tsumma, ba omo. Kofi biyu na ruwa za a zuba, a jona a wuta, shi ke nan.

Taiba ta kawar da kai ta ce ba ta so.

"To, wannan fa?" in ji Anti Agnes.

Takarda ce aka yago daga littafin makaranta, an naɗe ta cikin littafin bayanin injin. Rubutun Misbahu ne, ƙanana, masu karkata hagu. Ya bi Turancin nan layi-layi ya mayar mata da shi Hausa. Kada ta zuba ruwan rijiya, zai toshe shi, ta sa na leda. Ta jira sai jar fitilar ta koma kore. Kada ta kai ƙafarta kusa da kan, tururin yana ƙuna. Ya rage tsawon mariƙin daidai zamanta a kan farar kujerar roba, ya ɗaura jan zare a wurin, kada kowa ya canza.

Babu gaisuwa a sama, babu suna a ƙasa. Layin ƙarshe dai ba daga littafin ya fito ba.

"Idan kin gaji ki bari. Ɗakin zai jira ki."

Ta karanta sau uku, ta naɗe, ta sa a ƙarƙashin filo.

Ba a kawo wuta ba sai bayan azahar. Tana jin fanka ta motsa ta jawo kujerar roba, ta zuba ruwa, ta jona. Injin ya yi shiru, can ya fara huci a hankali. Ta tura shi gaba daga zaune, ya tafi sumul kamar ba ita ke turawa ba, farin tururi yana fita ta gefensa. Inda ya bi sai tayil ya yi ƙyalli, kafin ta matsar da kujera wurin ya bushe. Ta dafa sandarta a kai, ta danna da ƙarfi.

Ba ta zame ba.

A ranar, falo kawai ta yi, ta kwanta tana haki. Washegari ta yi uwar ɗaka. A rana ta uku ta gano ɗan bututun da ake sa wa injin a baki, ta zauna a kicin ta bi maiƙon da ya daskare a bango bayan risho tun kafin haɗarin, tana kallo yana narkewa yana gangarowa. Ta yi banɗaki ba tare da ta durƙusa ba. Ta bi katifa da labule. Ta koyi ajiye ruwa a tankin tun da safe, don wutar ba ta sanarwa kafin ta zo, ba ta kuma sallama idan za ta tafi.

Cikin kwana shida gidan ya koma yadda yake tana amarya.

A nan ne kaɗaicin ya fi damunta. Da, idan ta zauna, tana da abin kallo ta ji haushi, ga ƙura, ga maiƙo, ga abin da ta kasa. Yanzu ba abin da ya rage. Ta kunna turaren wuta, ta yi wanka, ta sa atamfar da yake so, ta zauna a falo mai ƙamshi tana jin yaran Islamiyya suna wucewa, ana kiran la'asar, ana kiran magariba. Takalmi ɗaya ne a bakin ƙofa, nata.

Tun da ya tafi Maradun take gaya wa kanta cewa don ba ta iya komai ne take son ya dawo. Ga shi yanzu tana iyawa. Son bai ragu da komai ba.

Ranar Laraba ta gaya wa Anti Agnes za ta je Maradun. Matar ta yi ta ba ta baki, ta tuna mata halin da hanyar take ciki da kuma ƙarfen da ke jikinta. Da ta ga ba za ta fasa ba, sai ta raka ta tasha da kanta, ta roƙi direba ya ba ta gidan gaba, ta cusa mata filo a gefen ƙugu, ta ce Allah ya kai ta lafiya.

Ba wanda ya yi hira a motar. Kowa idonsa na kan daji, bakinsa yana motsi da addu'a. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji shi har cikin haƙoranta.

Direban ya tausaya mata ya sauke ta a ƙofar ofishin dabbobi. Wani dattijo mai gadi ya ba ta benci a gindin dalbejiya, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya ce Malam Misbahu ya fita rigakafin shanu wajen Faru tun da safe. Ya ce mutumin kirki ne, sai dai ba ya magana, kuma yana da wani hali. Ofis na da babur, amma tun zuwansa ba wanda ya taɓa ganin ya hau. Motar kasuwa yake bi, inda mota ba ta shiga ya taka da ƙafa.

Sai bayan azahar ta hango shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, jakar allurai a kafaɗa. Yana ganinta ya tsaya cak.

"Taiba... mi ya faru? Wa ya kawo ki?"

"Ni na kawo kaina."

Mai gadin ya tashi ya ba su wuri. Misbahu ya tsuguna nesa da bencin, idonsa a ƙasa, ya shiga tambayar jiki da magani. Ta katse shi. Ta ce jibi Juma'a Yaya Ɗanlami zai zo ya tafi da ita Bakura, za a nemi takardarta. Ta ce ba ta zo roƙo ba, tana iya riƙe ɗakinta yanzu, shi ma ya san da haka tunda shi ya aiko da abin. Abu ɗaya take son ji daga bakinsa. Gaskiya ne shi ya nemi a kawo shi nan?

Ya ce gaskiya ne.

Ta kama sandarta za ta miƙe.

"Ke kika ce ba ki son ganina."

Ta koma ta zauna.

Da ƙyar maganar ta riƙa fita. Ya ce a kwana na uku a asibiti, tana barcin allura, Ɗanlami ya ja shi waje ya gaya masa ta farka ta ce kada a bar shi ya ƙara shigowa, ganinsa yana tuna mata ɗanta. Ya ce bai yi mamaki ba, don shi ma abin da yake gaya wa kansa ke nan. Shi ke riƙe da babur ɗin. Ya hango bijimin, ya ɗauka zai wuce kafin ya iso. Da aka sallamo ta ya yi sati uku yana jin ƙarar sandarta a tsakar gida, kowane taku kamar a ƙirjinsa. Sakinta ba zai iya ba, zama a gabanta kuma ya ga kamar ƙara mata ciwo ne. Shi ne ya nemi wuri mafi kusa da zai iya ɓoyewa.

"Ban taɓa faɗi ba," ta ce. "Wallahi ban taɓa ba. Sunanka na fara kira da na farka, ka tambayi Inna."

Ya ɗago kai a karon farko.

"Na rasa ɗa, na rasa lafiyar ƙafa, duk na ce ƙaddara ce na haƙura. Amma kai ba ƙaddara ta ɗauke min kai ba, Malam. Da ƙafarka ka tahi. Wata tara ina makokin yaron ga ni kaɗai, kai ma kana naka kai kaɗai... ɗan namu ne fa, mu biyu."

Misbahu ya kifa fuskarsa a gefen bencin, kafaɗunsa suna rawa. Ta ɗora hannunta a kansa, hular duk ƙura, ta bar shi a nan har ya lafa.

"Ki yafe min, Taibatu."

Rabon da ta ji sunan nan tun ranar Sallar.

A gabanta ya kira Baba a waya. Ya gaishe shi a ladabce, ya ce gobe yana nan tafe Bakura shi da iyalinsa, yana da laifin da zai amsa da bakinsa, yana kuma da maganar da yake son a yi a gaban Ɗanlami. Taiba ta ji muryar tsohon yana cewa Allah ya kawo su lafiya. Daga nan Misbahu ya shiga ofis ya nemi izinin kwana uku, ya fito da 'yar jakarsa.

Motar ƙarshe mai zuwa Mafara tana tashi kafin la'asar, tashar kuma tana can bayan kasuwa. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a gabansu yana tambaya ko tafiya ne. Taiba ta ga yadda hannun mijinta ya ƙanƙame igiyar jakar.

Ta ce wa mai babur ɗin ya je, sun gode.

Suka kama hanya da ƙafa. Ita ta jefa sanda, ta ja ƙafar, ta tsaya ta huta. Shi yana gefenta na hagu, wajen ƙugun da ya karye, ya tsaya idan ta tsaya, ya taka idan ta taka. Masu tallan fura suka wuce su, garken awaki ya wuce su, wata tsohuwa mai ɗauke da itace ma ta wuce su tana yi musu sannu.

A bakin kasuwa ta tambaye shi ko ba za su rasa motar ba.

"In ta tashi mu kwana nan," ya ce. "Taka a hankali."