Makunnin Sila

Ku matso ku ji yadda Sila ya cinye gidansa da hannunsa.

Ma'aikacin wuta ne a Zuru, kullum yana saman falwaya rana na gasa shi. Sai ya ji wai a manyan birane akwai makunnin da ake kashe layi da shi daga ofis, ba hawa ba gumi. Shi ke nan, rai ya biya. Ya nufi wani boka a bayan dutsen Manga.

Ɗakin ba taga. Baƙaƙen tukwane a kife, busasshen jini a bango, ga wani ƙauri kamar waya ta ƙone. Boka ya miƙo masa ƙarfe mai mariƙi, naɗe da jan ƙyalle.

"Ka ɗaga, wuta ta zo unguwar da ka ambata. Ka sauke, ta tafi."

"Me zan kawo, Baba?"

"Ba a kawo masa. Da kansa yake ɗauka."

"Me yake ɗauka?"

"Zai zaɓa."

Wawan, har da godiya!

Masu injin niƙa da walda da ƙanƙara suka yi layi a ƙofarsa, suna biyan kuɗi ya kawo musu wuta. Ya gina bene, ya sayi mota. Sai 'yarsa Rebecca ta faɗi matacciya tana shanya, tafin hannunta a ƙone. Matarsa Keziah ta zauce, tana bin titi tana roƙon a kashe fitila. Sila ya jefa ƙarfen a rijiya, ya dawo ya tarar da shi kan gado. Ya koma dutse, ɗakin boka ya zama kufai.

Saura ƙanensa Dawuda, shi ma ma'aikacin wuta. Wata safiya ya leƙo, zai je gyaran layin wuta a unguwar Rikoto.

"Don Allah kada ka hau," in ji Sila.

"Haba Yaya! Na kashe layin, ga fis ɗinsa a aljihuna, yadda ka koya mini. Wa zai kunna?"

Ya tafi yana dariya. Sila ya ruga ɗaki, ya danne mariƙin da hannu biyu, ya ɗora ƙirji, yana kuka yana kiran sunan Yesu. Wayyo! A hankali mariƙin ya ɗaga, har da shi a kai. Daga Rikoto aka fara jin ihun mata.

Yau Sila na zaune gindin falwayar da wuta ta kashe Dawuda a kai, cikin tsumma, yana danne ƙasa da tafin hannu. Kai mai kwaɗayi, ka je ka gan shi kafin ka taka ƙofar boka. Shi ma da ƙafarsa ya je.