Kwakwar Cibiyar Mereoni

Waisake ya shafa wa wata bishiyar kwakwa jan fenti ke nan, sai ya ji murya a bayansa.

"Malam, me ta yi maka?"

Ya juya. Budurwa ce da kwandon ƙaguwa a kafaɗa, ƙafafunta duk laka. Waisake, injiniyan da aka turo daga Suva babban birnin ƙasar ya jawo wa ƙauyen ruwa daga dutse, mutumin da ko takalmi ba ya saya sai ya auna daɗewarsa, ranar dai lissafi ya ɓace masa.

"Ta nan bututu zai bi," ya ce da ƙyar. "Ita ce hanya mafi kusa."

"A gindinta aka binne cibiyata. Marigayiya mahaifiyata ce ta dasa ta."

Kash! Shi ma fa yana da tasa kwakwar a garinsu, amma bai tambayi kowa ba.

Sunanta Mereoni. Haƙurin da ya je bayarwa ya zama zance, zance ya zama so. Ta laƙaba masa Sikeli, don ko rogo za su saya sai ya ɗaga wannan ya ɗaga wancan. Sai dai mahaifinta, Apenisa, ya kafe.

"Wanda ya auna cibiyar 'yata da tsawon bututu, gobe ita zai ɗora a ma'auni. Ga Epeli nan mai kwalekwalen inji, danginsa har sun fara magana."

Waisake ya rasa inda zai sa kansa. In ya kewaye bishiyar, bututun zai ƙare kafin gidajen ƙarshen gari, inda tsofaffi irin su Kaka Salote suke. In ya sare ta, kowa zai sha ruwa, shi kuwa ya rasa Mereoni. So ya rinjaya. Ya tura mata saƙo:

"Hasken idona, na fasa. Zan kewaye kwakwarki. Gidajen ƙarshe su jira kuɗin baɗi."

Amsa ta zo a gajarce: "Ashe ban san ka ba."

Shi ke nan, ya ce, Epeli ya yi nasara.

Da safe ya ji sara daga wajen gangare. Ya ruga. Mereoni ce da gatari tana saran kwakwarta, hawaye shaɓe-shaɓe, mutanen gari sun yi cirko-cirko.

"Mereoni! Me kike yi?"

"Sikeli, ni da Kaka Salote ka ɗora a ma'auni, har ka ce na fi nauyi? Da waɗannan gwiwoyin nata take hawa dutse da bokiti. Mamata ma a hanyar ruwan nan ƙarfinta ya ƙare. Karɓi, hannuna ya gaji."

Tsigar jikinsa ta tashi. Tunda yake lissafi bai taɓa ganin wanda ya biya tsada irin wannan da hannunsa ba. Ya karɓa. Da bishiyar ta faɗi, ya tsinci kwakwa ɗaya busasshiya ya tafi da ita.

Ranar da aka buɗe famfon ƙarshe, ruwa ya gangaro daga dutse da kansa, ba inji ba mai, ya feso a tafin Kaka Salote. Tsohuwa ta tsaya tana kallonsa kamar jaririn da aka miƙo mata.

A makon nan dangin Waisake suka kawo tabua, haƙorin wata ƙatuwar dabbar teku da ake neman aure da shi a al'adarsu. A gefensa suka ajiye kwakwar, ta fitar da koren tsiro.

Apenisa ya daɗe yana shafa ganyen.

"'Yar waccan ce?"

"Ita ce, Baba."

Dattijo ya share ido, ya miƙa hannu biyu ya karɓi tabua.

Bayan an fito daga coci, ango da amarya suka dasa ta kusa da famfon. Kaka Salote ce ta fara zuba mata ruwa.

"Allah Ya ba ku masu cibiyar da za a binne a nan."

"Amin," Waisake ya ce. "Wannan karon dai na tambaya, bututu ba zai bi ta nan ba."