Ƙumbar Dakta Na'ibi

Sufeto Hatim ya ga masu kukan gawa iri-iri a Jidda, amma bai taɓa ganin dattijo yana kuka gaban tankin gilashi ba sai ranar.

"Dakta, me aka sace?"

"Ƙumba, ranka ya daɗe," in ji Dakta Na'ibi, Basakkwacen da ke aiki a wata cibiyar binciken halittun ruwa. "Wata halitta ce mai ɓawo biyu, a ruwan daɗi take rayuwa. Masu haƙar yashi sun cinye kogin garinmu. 'Yan waɗanda na tsirar ne suka rage, kuma sun kusa hayayyafa. Ba sa daɗewa a waje. Don Allah ka hanzarta."

Hatim ya duba ƙofa. Ba a ɓalle ta ba, da makulli aka buɗe.

Manal mai shara ta rantse ba ta ga kowa ba. Hatim ya zuba mata ido kawai, sai ga magana ta fito.

"Ikrama direban Dakta ya karɓi bokitina jiya. Wai zai wanke mota."

A unguwar Kurayyat suka sami Ikrama, haifaffen Jidda, ya miƙe ƙafa yana shan shayi kamar gidan duniya nasa ne.

"Ka shiga ɗakin Dakta?"

"Ni? Wallahi ko abin da ke ciki ban sani ba, ya Sufeto. Tuƙi ne aikina, halas, shi ke nan."

"Bokitin Manal fa?"

"Ya ɓata."

Hatim ya lura yatsun mutumin duk yanka ne, yana ta ɓoye su cikin aljihu. Shi kuwa Hatim a hannun kaka Basakkwaciya ya tashi, a gidansu ba a cewa farce, ƙumba ake cewa.

"Nuna min ƙumbarka."

Ikrama ya zabura. "Ai ba sa wurina! Ko ɗaya ban bari..."

Kash, baki ya riga ya yi aikinsa! Iyayen Ikrama Kanawa ne, ƙumba ɗaya ya sani a duniya, ta cikin tankin da ya ce bai san abin da ke ciki ba.

"Farcenka na tambaya," in ji Hatim. "Yalla, maza ƙarasa."

Da ya ga ba mafita, ko kunya babu, sai ma murmushi.

"Na ga yadda tsohon ke lallaɓa su, na ce lallai akwai lu'ulu'u. Na sa wuƙa na ɓare rabi. Nama ne kawai, sai wari. Kyanwa na ba."

Dakta Na'ibi, wanda ya nace sai da aka zo da shi, ya durƙusa gaban direbansa.

"Ɗana, sauran rabin fa? Na yafe maka, faɗa min inda suke."

"Kai Baba, ka cika ƙorafi. Alheri ma na yi musu. Na kai su bakin teku na juye, suna can gidansu."

"Teku," in ji Dakta a hankali. "Ruwan gishiri."

"To ruwa ba ruwa ba ne?"

Ran Hatim ya ɓaci ƙwarai. Ya danna masa ankwa, ya matse ta fiye da yadda ya kamata, ya tura ƙeyarsa mota.

Dakta ya kama hannun rigarsa. "Sufeto, kai ni wurin. Wataƙila ɗaya ta rufe bakinta da kyau."

Hatim ya kasa kallonsa. Ya dai buɗe masa ƙofar gaba.