Fuskar Asama'u a Takardar Tsire

A tsakar gidansu da ke Batsari, Armaya'u ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu ya baje jaridun da ya zo da su daga Ikko. Zamanin Turawa ne, ana ta raɗe-raɗin mulkin kai. Shekaru ya yi can yana aikin rataye zane-zane a wani gidan nuni, har shi ma ya koyi riƙe burushi.

"Inna, dubi nan! Shi ake kira galari. Farin bango, kowane zane da fitilarsa, mutane na takawa sannu-sannu, ko tari babu mai yi."

Inna Turai ta ci gaba da tankaɗe. "Su yi ado su tafi kallon bango? Ga namu nan, kalla har ka gaji! Tun da ka dawo ba ka da zance sai Ikko. Duk motar da ta shigo gari kana tasha kana tambayar jarida."

Ya yi murmushi, ya tura wata jarida ƙarƙashin sauran. A cikinta aka buga zanen da ya fi so: Asama'u, ɗiyar Malam Badaru na Safana, wadda aka yi masa alkawarinta tun kafin ya tafi. Kewa ta sa ya zana ta da tulu a ka, kamar yadda ya gan ta ranar sallama. Aka rataye zanen a galari, 'yan jarida suka ɗauka. Niyyarsa sai bayan biki ya nuna mata.

Ranar kasuwa Armaya'u yana tasha, Mati mai tsire ya yi sallama yana neman takardar ƙunshi. Inna, da ta gaji da tarin takardu a ɗaki, ta ɗebo masa rabi. Cikin masu sayen tsire ranar har da Malam Badaru. Sai da ya koma Safana ya kwance ƙunshin gaban abokansa a zaure, sai ga fuskar ɗiyarsa, da kitsonta da tsagarta, mai ya jiƙe kumatun!

Da aka kira Armaya'u ya durƙusa, Malam ko gaisuwa bai amsa ba.

"Ɗiyar da ko kasuwa ban bari ta je ba, ita ka kai Ikko ka rataye ƙatti na kallo? Yau kuma ana naɗe nama da ita?"

"Baba, ai a can girmamawa ce..."

"A can! To koma can ka nemi mata. Na fasa!"

Armaya'u na fita ya ji shessheka ta bayan zana.

"Yaya Armaya'u," Asama'u ta ce, "ka tambaye ni?"

"Wallahi kewarki ce ta sa."

"Kewa ta sa ka zana, na yarda. Ita ta sa ka rataye? Yau a rijiya amaryar tsire suke kirana. Maƙwabciyarmu Kande har cewa ta yi a ƙaro mini yaji!" Kuka ya ci ƙarfinta, ta ruga ciki.

A makon nan direba ya kawo masa sabuwar jarida: za a yi gagarumin nuni a Ikko, ana neman matasan masu zane. Ya tuna ƙamshin sabon fenti, da iskar teku, da gardamar abokai a kan wane ya fi wane hannu. Ya jawo akwatinsa.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa. "Ni na ba da takardu, kai ka yi zane. Kai kana da motar hawa. Ita fa, wa za ka bar wa ita da bakin mutane?"

Ya daɗe zaune a kan akwatin. Daga baya ya buɗe, ya ciro ainihin zanen a nannaɗe, ya kai Safana.

"Baba, ga shi. In an ga dama a ƙone."

Malam ya soke shi a jinkar zaure bai buɗe ba.

Damina ta faɗi. Kullum Armaya'u sai ya hau keke da fartanya ya shiga gonar Malam, ba wanda ya gayyace shi. Hannun burushi ya yi kanta. Ya gaida Malam, Malam ya kau da kai. Nunin Ikko ya zo ya wuce, a jarida ya ga sunayen abokansa, ya ninke ta ya koma cirar gyaɗa.

Bayan an yi girbi Malam ya aiko kiransa. Ya tarar da zanen a buɗe kan buzu, idon tsohon ya yi ja.

"Na sauko da shi zan sa a wuta," Malam ya ce. "Kai yaro, wa ya nuna maka Hussaina?"

Hussaina ita ce mahaifiyar Asama'u, ta rasu yarinyar tana goye.

"Ban san ta ba, Baba. Asama'u na zana."

"Haka take karkata wuya in ta ɗauko ruwa. Har na fara mance fuskarta, Allah Ya jiƙanta." Ya share ido da bakin rawani. "Ban ce ka yi daidai ba. Amma na ga ka tsaya lokacin da gudu ya fi sauƙi. Zanen nan ba zai ga wuta ba, ba zai kuma ga Ikko ba. Mai fuskar za ta faɗi inda zai zauna."

Daga bayan zana murya ta fito ƙasa-ƙasa: "Baba, a ɗakina, bayan jere. Zan rufe shi da ƙyalle."

Aka ɗaura aure, haka kuwa aka yi. Armaya'u bai bar burushi ba, amma bai ƙara zana kowa ba sai ya nemi izini. Duk sallah kuwa Malam Badaru kan zo Batsari, ya yi gyaran murya a ƙofar ɗakin ɗiyarsa, ita kuma ta ɗage masa ƙyallen, ta fita ta bar shi.

Ku samari, so ba ya ba ku ikon baje abin da ba naku ba. Ku tambaya tukuna. In kuma kun ɓata, ku tsaya ku gyara, haƙuri zai maido muku abin da gaggawa ta kusa raba ku da shi.