Zare ta Ƙarƙashin Ƙofa

Ran da Bunyaminu ya fara ganin Ruƙayyatu, ko kallo bai ishe ta ba. Tana zaune a barandar asibitin koyarwa na Ikko tana kaɗi da mazari kamar a tsakar gidansu, ƙanwarta Dela na kwance a cinyarta. Shekara goma sha uku ke nan da samun 'yancin kai, shi kuwa yana cikin matasan likitocin da ake koya wa gasa ciwon daji da sabuwar na'urar haske.

Da ya ji ta yi wa yarinyar Dandanci, yaren yankinsu, sai ya ja birki.

"Daga ina?"

"Kende, ƙasar Bagudo."

"Ni ko ɗan Zagga ne."

Sai a nan ta ɗago. "To mi ya kai ɗan Zagga cikin farar riga?"

Likita guda, mai takardu, ya tsaya yana sosa ƙeya.

Dela shekararta shida, ƙari ne a wuyanta. Ƙa'idar gashin ita ce ta kwanta ita kaɗai, ƙofa a rufe, minti uku ba motsi, don hasken ya sauka daidai inda aka zana mata da tawada. Amma da an ja ƙofa sai ta ƙwalla ƙara ta diro. Kwana uku ana haka, ƙarin kuwa bai san jira ba.

Malaminsu, wani dattijon likita, ya ce, "Lissafin haske na koya maka. Kwantar da yaro kuwa, je ka nemi malami."

Ashe malamar tana baranda.

"Ba ɗakin take tsoro ba, Likita," in ji Ruƙayyatu. "Sakin hannu take tsoro."

Ta warware zarenta, ta ɗaura a ɗan yatsan Dela, aka zuro shi ta ƙarƙashin ƙofa. Ta tsaya bayan ƙaton bangon da ke tare hasken, kusa da Bunyaminu, tana ɗan ja a hankali. Dela ta kwanta lamo. Kwana talatin suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ƙari na sacewa, wani abu kuma na girma a ƙirjin ɗan Zagga. Ya kamu, kuma bai ɓoye ba.

Da suka koma gida ya aika wasiƙa: "Malamata, yara biyar sun kwanta da dabararki, har an sa ta cikin karatunmu. Ni kaɗai ne na kasa kwanciya. In turo magabata?"

Amsa ta yi wata guda a hanya: "Ɗan Zagga, zo da kanka. Baba ya ji an ce mai aiki da wutar da ba a gani, ba ya haihuwa. Ɗanmusa, mai fataucin atamfa zuwa Dahomai, shi ya kawo zancen, ya kuma kawo goron neman aurena."

Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya hau jirgin ƙasa, ya hau mota, ya hau kwalekwale.

A zauren mahaifinta, Malam Namadi, ya yi bayanin kaurin bango har bakinsa ya bushe. Ɗanmusa na gefe yana murmushin wanda ya riga ya ci kasuwa.

"Ka yi wa ɗiyata Dela alheri, Allah shi biya ka," in ji tsohon. "Amma ina son jikoki."

Sai ga muryar Ruƙayyatu daga bayan asabari. "Baba, a gahwarce ni. Inda Likita ya tsaya, nan na tsaya kwana talatin. In wutar ta ci shi, ni ma ta ci ni. Ya kamata Ɗanmusa shi sani tun yanzu."

Ɗanmusa ya dubi agogo, ya tuna yana da kaya a bakin iyaka. Ko goron bai waiwaya ba.

Malam Namadi ya daɗe yana kallon ƙofar da Ɗanmusa ya fita. Sannan ya juyo ga Bunyaminu. "Kai hwa? In ta tabbata ba ta haihuwa?"

"Ba ta tabbata ba, Baba. Ko da ta tabbata, ita nika so."

Tsohon ya share ido da bakin rawani. "Turo mutanenka."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Da aka zo saka amarya a kwalekwalen Zagga, kuka ya ƙwace mata, ta riƙe uwarta ta ƙi saki. Dela ta kutso cikin mata, wuyanta sumul sai ɗan tabo, ta kama yatsan yayarta ta ɗaura masa zare.

"Tafi, Yaya. Ina riƙe."

Kwalekwale ya ja, zare na warwarewa a kan ruwa, Bunyaminu na gefenta kamar yadda suka saba tsayuwa. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma cika wa Malam Namadi zaure da jikoki.