Makullin Rumbun Hadiyya

Ranar da Sha'aban ya fara ganin Hadiyya a kwance yake, an ɗora ƙafafunsa bisa kujera ana yi masa fifita da kwali. Jini ya zo bayarwa a taron wata ƙungiyar sa-kai a Daura, ana soka masa allura ya sume. Da ya farfaɗo sai ya ga wata budurwa da kwamfuta a cinya tana danne dariya. Ta tambayi sunansa da lambar wayarsa, ya faɗa. Ta tambayi sana'arsa, sai da ta maimaita kafin ya amsa.

"Allurar shanu nake yi," ya ce a hankali.

"To sannu, Jarumi," ta ce, dariyar ta ƙwace mata.

Sunan nan bai sake shi ba. Shi kuma ya raɗa mata Mai Rumbu, don ita ke riƙe da rumbun bayanan ƙungiyar: sunan duk mai ba da jini, rukunin jininsa, garinsu da lambar wayarsa, mutum dubu biyu da 'yan kai. Rumbun ba a cikin kwamfutarta yake ba. Yana can a injinan wani kamfanin intanet, ita kuma ta shafin kamfanin take shiga ta kula da shi. Nan take ba mutum izinin shiga ko ta ƙwace, nan take duba ko kwafin ajiya na kullum ya ɗauku. In jini ya ɓalle wa mace wurin haihuwa, kiran Hadiyya ake yi, cikin minti biyu ta fito da wanda jininsa ya dace kuma yake kusa.

Lambobin matan aure kuwa ba da sauƙi ta same su ba. Zaure-zaure ta bi tana yi wa mazansu alkawarin ba mai kiran wayar nan sai don jini.

Tunda Sha'aban kullum yana kan babur tsakanin Dutsi, Zango da Baure, sai ya shiga kawo mata sababbin sunaye a takarda. Kullum da safe kuma saƙo na shigowa: "Mai Rumbuna, kin tashi lafiya? Na kawo miki mutum shida daga ruga, amma zuciyar mai kawowar tana wurinki tun jiya."

Mahaifinta, Malam Maliki dillalin dabbobi, bai so ba. Ya ce yaron ba shi da aibu, amma yayansa Saminu, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansu, ɗan bin 'yan siyasa ne. Shi ya fi son Musaddiq, ɗan abokinsa. Kakarta Iya Kande ce ta yi ta lallashi har aka sa rana.

Wata la'asar suna hira da Sha'aban a ƙofar gida, Hadiyya ta ce ta gaji da kwafar takardunsa, bari ta buɗe masa ya riƙa sa sunayen da kansa. Shafin ya ba ta zaɓi biyu: mai sa suna kawai, ko mai cikakken iko. Ta kai yatsa kan na farko, sai ta ga yana kallon allon. Kunya ta kama ta. Mutumin da za ta aura nan da wata uku, ta nuna masa a gabansa cewa iyakarsa bakin ƙofa? Ta danna na biyu.

Wata biyu bayan nan, ran wata Alhamis da safe, mijin Barakatu ya kira daga Baure. Barakatu na da irin jinin nan mai wuyar samu, su huɗu ne kacal a rumbun. Ya ce tun shekaranjiya wasu ƙattin 'yan kamfen ke kiran matarsa, suna ambaton sunanta, har wani ya yi mata wasa da rukunin jininta. Ya ce a cire ta, kuma Allah ya isa. Kafin azahar kira irin wannan ya haura arba'in.

Hadiyya ta buɗe shafin. Rumbun wayam, ba suna ko ɗaya. Ta shiga wurin da kamfanin ke rubuta duk abin da aka yi da wanda ya yi shi. Ranar Litinin da hantsi an kwashe sunayen gaba ɗaya zuwa wata baƙuwar kwamfuta. Yau kuma, da surutu ya tashi, an goge su don a ɓatar da sawu. A gefen kowane layi sunan Sha'aban ne.

Ta tura masa: "Ina kake ran Litinin da hantsi?"

Ya amsa: "Ina Dutsi wurin rigakafi. Lafiya, Mai Rumbuna? Yau babu Jarumi?"

Hoton allon kawai ta tura. Bayan awa guda sai ga shi a zaure, ya kasa ɗaga kai. Ya ce Yaya Saminu ne ya miƙo masa takarda ya ce ya rubuta masa kalmar sirrin, wai yawan mutanen mazaɓarsu kawai zai duba.

"Shi ya ciyar da ni, shi ya sa ni makaranta. Ban taɓa ce masa a'a ba, Hadiyya."

"Yaushe ka ba shi?"

"Lahadi."

Da ta buɗe baki, muryarta ƙasa-ƙasa take.

"Litinin ka turo min barka da safiya. Talata ka turo. Laraba ka ce ka yi mafarkina. Kana sane duk kwanakin nan. Da ka gaya min ran Lahadi, minti ɗaya ya ishe ni in canza makullin. Shi ka ji kunyarsa. Ni da matan da na rantse wa mazansu fa?"

Ta shige gida.

Aikin gyaran bai ɗauke ta rabin awa ba. Ta cire sunansa daga masu izini, ta canza kalmomin sirri, ta toshe baƙuwar kwamfutar. Sannan ta zaɓi Laraba da yamma daga kwafin ajiya, ta ce wa shafin ya mayar da rumbun yadda yake a lokacin. Sunaye suka dawo cif. Sai dai mutum ɗari uku sun ce a cire su, kuma da hannunta ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gogewa. Da ta zo kan Barakatu ne kuka ya zo mata.

Malam Maliki bai ce ai na faɗa ba. Kayan sa rana kawai ya sa aka mayar. Motar Musaddiq ta fara tsayawa a ƙofar gida, Hadiyya ta fita sau ɗaya don girman uba, ba ta ƙara ba.

Saƙo ɗaya Sha'aban ya turo: "Ba zan ce ki yafe min yanzu ba. Na ci amanarki, kuma na ɓoye. Ba ni da jerin sunayen, amma na san gidajen."

Da farko ya kai Saminu gaban baffansu, ya tsaya a kansa har Saminu ya goge abin da ya kwasa, ya kuma kira waɗanda ya raba wa. Ranar ce ya fara ce masa a'a, har Saminu ya daina amsa gaisuwarsa. Daga nan ya shiga bin gidaje bayan ya tashi aiki. Magana ɗaya yake faɗa a kowane zaure: ba Hadiyya ba ce, shi ne. Wasu suka zage shi, wasu suka ce a mayar da su. Mijin Barakatu sau uku yana barinsa tsaye a rana.

Sati bakwai ana haka, aka kira Hadiyya daga asibiti: wata mai haihuwa na neman jinin nan mai wuya. Cikin ukun da suka rage, ɗaya ya tafi Legas, biyu ba su daɗe da bayarwa ba. Ta san lambar Barakatu da ka. Ta riƙe wayar ta daɗe, ta ajiye, don an ce kada a ƙara kira. Ta rubuta cigiya a zauren WhatsApp na 'yan ƙungiya, wanda har yanzu Sha'aban na ciki, ta nufi asibiti.

Ana kiran la'asar babura biyu suka shigo. Barakatu a bayan mijinta, Sha'aban na biye, ƙura har gira.

"Yau ƙin tafiya ya yi," mijin ya ce wa Hadiyya. "Ya ce in zage shi a hanya, amma mu taho. Ki mayar da sunanta. Sai dai ke kaɗai na yarda ki riƙe."

Mai haihuwar ta rayu, da ita da 'yarta.

Iya Kande ce ta sake zama da Malam Maliki. Ta ce yaron da ya iya tsayawa a zaure ɗari uku yana faɗin laifinsa da bakinsa, ita dai ba ta ga na biyunsa ba. Hadiyya kuwa sai da ta ƙara wata guda kafin ta amsa saƙonsa, kuma kalma biyu ce: "Sannu, Jarumi."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Saminu ya zo, ya zauna can baya. Barakatu ta kawo buhun gyaɗa daga Baure.

Kwana bakwai da tarewa, amarya ta buɗe kwamfuta, ta kira ango ya zauna kusa da ita. Zaɓi biyun nan suka sake fitowa. Wannan karon ta juya allon sosai yadda zai gani, ta danna mai sa suna kawai.

"Ka ga abin da na ba ka?"

"Na gani, Mai Rumbuna. Da tun farko shi kika ba ni."

"Da tun farko," ta ce, ta miƙa masa kwamfutar. "Sa mutanen Zangon nan, tun jiya takardar ke aljihunka."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su riƙe amanar juna da ta jama'a. Amin.