Koren Dankalin Kalilu

"Hwaɗi gaban Inno, Ummu Hani! Ba ke kib ba ni ruwan ga ba?"

Ummu Hani ta dubi Kalilu, saurayin da saura mako uku a ɗaura musu aure. Ga ƙanwarsa Zuhura kwance a tsakar gidansu na Argungu, amai ya galabaita ta.

Tsaya in faɗa muku mafari, 'yan matana. Dankalin turawa in ya sha rana ya yi kore, dafi gare shi, dafuwa ba ta kashe shi. Ummu Hani ɗalibar kimiyya ce a Birnin Kebbi, tana tatsar wani sinadari daga ƙwayoyin bakteriya mai narkar da dafin. Amma fa gwaji ne, a kan niƙaƙƙen dankali kaɗai.

Shi kuwa Kalilu dankali yake sarowa, buhu shida suka yi masa kore. Ya je zance, ya ga kwalbar sinadarin a jakarta, ya zare. Ya yayyafa wa dankalin a kan ɓawo, ya kai gida a soya, wai ya gwada kafin kasuwa.

"Ban ba ka ba, masoyi..." in ji Ummu Hani. "Na ce maka ka zubar da su!"

Inno, mahaifiyarsa, ta miƙe.

"Mi muka yi miki? Tun ba ki shigo gidan ga ba, kin kawo mana ruwan cuta?"

Kalilu ya ja Ummu Hani zaure, ya sassauta murya.

"Ki ɗauki laihin, rabin raina. In an ji ni ne, wa zai sake sayen kayana? Ke mace ce, kwana biyu an manta. Inno na hucewa sai biki."

"Ka yi alkawari?"

"Wallahi!"

Ta koma ciki, ta durƙusa, ta ce ita ce. Wayyo, abin da ke ƙona mini rai ke nan! Ita ta raka Zuhura asibiti, ita ta gaya wa likita abin da yarinyar ta ci.

Zuhura ta warke.

Ran Laraba mata uku suka yi sallama gidansu Ummu Hani, sun zo kwashe lefe.

Ta leƙa ta taga, ko Kalilu ya aiko da kalma ɗaya...

Ashe shi ya tuƙo motar da ta kawo su. Ya ɗaga gilashi, yana danna hon su yi sauri.